Bhishma

Bhishma yana daga cikin manyan mutanen da Mahabharata ta ba da labarinsu, wato doguwar waƙar yaƙi ta mabiya addinin Hindu, wadda aka tsara da harshen Sanskrit, ake kuma jingina ta ga malami Vyasa. Shi ne dattijon gidan sarautar Kuru a birnin Hastinapura, kuma shi ya ja ragamar rundunar Kaurava, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gidan da suka yi rikicin gadon sarauta, a kwanaki 10 na farko daga cikin 18 da aka yi ana gwabza yaƙin Kurukshetra, wurin da a yau yake cikin jihar Haryana a arewacin Indiya.

Sunansa na asali Devavrata, ɗan Sarki Shantanu ne da Ganga, abar bautar da ake dangantawa da kogin nan mai wannan suna. Bayan ya girma har an naɗa shi yarima, mahaifinsa ya ga Satyavati, ’yar wani sarkin masunta, ya so aurenta, amma uban yarinyar ya ce ba zai bayar da ita ba sai an yi alkawari ɗan da za ta haifa ne zai gaji sarauta. Devavrata ya tafi da kansa ya ce ya haƙura da gadon, da masuncin ya nuna tsoron kada ’ya’yan Devavrata su tayar da rigima nan gaba, sai ya ƙara da rantsuwar cewa ba zai taɓa aure ba har ya mutu. Nauyin wannan rantsuwa ne ya sa aka laƙaba masa Bhishma, ma’ana mai ban tsoro, mahaifinsa kuma ya saka masa da baiwar cewa mutuwa ba za ta ɗauke shi ba sai lokacin da ya zaɓa.

Alkawarin da ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya ɗaure shi. Ya kwaso ’ya’yan Sarkin Kashi mata uku domin ƙanensa Vichitravirya, ta haka ya ɓata wa babbarsu Amba aurenta da Sarki Shalva. Ta rantse sai ta ga bayansa, aka sake haihuwarta a gidan Sarki Drupada da sunan Shikhandi, mace da daga baya ta zama namiji. Ranar da aka ci mutuncin Draupadi, matar ’yan’uwa biyar na Pandava, a fada bayan cacar da babbansu Yudhishthira ya faɗi, Bhishma yana zaune, abin da ya iya cewa kawai shi ne al’amarin dharma, wato abin da ya wajaba mutum ya yi, yana da wuyar ganewa. Da wuya a samu wani wuri a labarin da ya fi wannan shirun zubar masa da ƙima.

Da yaƙi ya zo, ya san gaskiya tana wurin ’yan’uwa biyar na Pandava, waɗanda suka tashi a hannunsa, amma ya tsaya wa Duryodhana, babban ’yan Kaurava, saboda gidansu ke riƙe da gadon da ya yi alkawarin tsarewa. Ya karɓi jagorancin runduna 11 a kan 7 na Pandava bisa sharaɗin ba zai kashe ’yan’uwan biyar ba, Karna, jarumi aminin Duryodhana, kuma ya janye daga fage muddin Bhishma ke jagora. A daren rana ta 9, Yudhishthira ya je zangonsa ya tambaye shi yadda za a kayar da shi, dattijon ya faɗa masa: ba ya ɗaga makami a kan wanda aka haifa mace. Washegari Arjuna, ɗaya daga cikin Pandava, ya sa Shikhandi a gaba ya yi ta harbi, har Bhishma ya faɗo daga karusa kibau sun cika jikinsa, ta yadda bayansa bai taɓa ƙasa ba. Da kan nasa ya rinƙa reto, ya ƙi matasan kai masu laushi da sarakuna suka kawo, sai Arjuna ya kafa kibau uku suka tallafe shi. Drona, malamin yaƙi na ’ya’yan gidan, shi ne ya gaje shi a jagoranci.

Ya kwana 58 a kan gadon kibau yana jiran rana ta juya arewa, lokacin da ake kira Uttarayana. A nan ya koyar da Yudhishthira sha’anin mulki da shari’a, karatun da ya cika mafi yawan littattafan Shanti Parva da Anushasana Parva na Mahabharata. Mabiya Hindu suna tunawa da mutuwarsa a ranar Bhishma Ashtami, 8 ga farin watan Magha.