Wa doka ta ɗora wa kuɗin gyara ramukan ma'adinai da rijiyoyin mai da aka yi watsi da su?

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru da Barikin Ladi ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari, waɗanda har yau suke cin mutane da dabbobi, alhali kamfanonin da suka haƙa su tun zamanin Turawa sun daɗe da naɗe kayansu. Dokokin Najeriya guda biyu ne suka yi magana kan wanda zai ɗauki nauyin irin wannan gyara.

Ta farko ita ce Dokar Ma'adinai ta 2007. Ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya gabatar da rahoton illar da aikinsa zai yi wa muhalli, tare da tsarin yadda zai mayar da ƙasar yadda za ta sake amfanuwa idan ya gama. Sashe na 121 kuma ya umarci minista ya kafa asusun kare muhalli da gyaransa, wanda masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki. Kuɗin nan tamkar jingina ne: idan kamfani ya gudu ko ya karye, akwai abin da za a taɓa a cike ramin da ya bari.

Ta biyu ita ce Dokar Masana'antar Man Fetur, wato PIA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan 2021. Sashe na 232 da na 233 sun tanadi cewa kowane kamfani ya tsara yadda zai toshe rijiyoyinsa ya kwashe na'urorinsa, sannan ya buɗe asusu na musamman a bankin da ba shi da alaƙa da shi, ya riƙa zuba wani adadi duk shekara. Ba a yarda a kashe kuɗin kan wani abu dabam ba, kuma idan kamfanin ya ƙi yin aikin, hukumar NUPRC, mai sa ido kan aikin haƙar mai, tana da ikon cire kuɗin ta ba wani ɗan kwangila ya yi.

Matsalar ita ce dokokin biyu suna kama wanda yake da suna da lasisi da adireshi ne kawai. Ramin da aka haƙa shekaru saba'in da suka wuce babu wanda ya ajiye masa ko kwabo, haka ma ramukan masu haƙar zinare ba da izini ba. Irin waɗannan sai dai baitulmali, ta hanyar kasafin kuɗin ma'aikatar ma'adinai ko Asusun Muhalli da aka kafa a 1981, wanda zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada su ma suke jira.

Zamfara ta nuna abin da dogaro da wannan hanya yake jawowa. A 2010 aka gano gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje, wadda ta hallaka yara kimanin 400. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun bayyana cewa ba za su iya fara yi wa yaran Bagega, ɗaya daga garuruwan da gubar ta shafa, magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin, domin yaron da aka yi wa magani ya koma wasa a tsakar gida ɗaya zai sake kwasar gubar. Sai a farkon 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, kuma duk tsawon lokacin nan yaran suna zaune cikin gubar.

A ganina, abin da ya rage shi ne a yi wa tsofaffin ramuka asusu nasu na dindindin. Amurka ta yi haka tun 1977, inda take karɓar haraji kan kowane tan na kwal da aka haƙo domin gyara wuraren da aka yi watsi da su kafin wannan shekara, sannan a 2021 ta ƙara dala biliyan 11.3 daga baitulmali, da wasu biliyan 4.7 na toshe rijiyoyin mai da gas marasa mai su. Majalisar Tarayya tana da ikon ware wani kaso daga kuɗin da masu haƙar ma'adinai suke biyan gwamnati, ta kuma wajabta wa ma'aikatar wallafa sunan kowane rami da aka cike da abin da aka kashe a kansa.