Rikicin Darfur: tawayen 2003 da yadda ƙasashen duniya suka tunkare shi

Rikicin Darfur yaƙi ne da ya ɓarke a yammacin Sudan a farkon shekarar 2003, tsakanin ƙungiyoyin 'yan tawaye biyu da gwamnatin Omar al-Bashir haɗe da mayaƙan sa-kai da ta ɗaure wa gindi, waɗanda ake kira Janjawid. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2008 cewa mutanen da suka mutu za su kai dubu 300, da yawansu yunwa da cuta ne suka kashe su bayan an kore su daga garuruwansu, sannan kimanin miliyan 2.7 sun rasa matsuguni. Ita kuwa gwamnatin Khartoum cewa ta yi dubu 10 ne kacal. Ana yawan kawo Darfur a misali in ana maganar yadda duniya ke tunkarar irin wannan bala'i, don an kai abinci, an zartar da ƙudurori, an tura sojoji, har kotu ta shigo, amma kare ran talaka a ƙauyensa, wanda shi ne ainihin abin da ake nema, ba a samu yin sa ba.

Asalin tawayen

Darfur na nufin ƙasar Fur, tsohuwar masarauta ce, a 1916 Turawan Ingila suka kashe Sarki Ali Dinar suka haɗe ta da Sudan. Girmanta ya kusa na Faransa. Ba baƙon wuri ba ne ga Hausawa, ta nan tsohuwar hanyar aikin Hajji ta ƙasa ta ratsa, shi ya sa har yau akwai Hausawa da Fulani a Nyala da El Geneina da El Fasher. Tun zamanin Turawa ba a wani damu da yankin ba, titi babu, makaranta da asibiti sai jefi-jefi, bayan samun 'yanci a 1956 ma bai canza zani ba. Farin 1984 zuwa 1985 ya ƙara dagula lamarin, makiyaya suka gangaro kudu neman ruwa da ciyawa suka riƙa gwabzawa da manoma, ga bindigogi sun cika gari saboda yaƙin Chadi da Libiya.

A watan Fabrairun 2003 ƙungiyar 'yan tawayen da ta zama SLA (Rundunar 'Yantar da Sudan), ta su Abdul Wahid al-Nur da Minni Minnawi, ta fara kai hari a yankin dutsen Jabal Marra, ɗaya ƙungiyar 'yan tawayen, JEM ta Khalil Ibrahim, ita ma ta shigo. Kukansu shi ne an mayar da su saniyar ware a mulki da arziƙin ƙasa. Abin da ya girgiza Khartoum shi ne harin 25 ga Afrilu 2003 a filin jirgin saman El Fasher, inda suka ƙona jiragen yaƙi a ƙasa suka kuma kama wani babban hafsan sojan sama. Gwamnati ba ta yarda da sojojinta sosai ba tunda da yawan ƙananan sojan 'yan Darfur ɗin ne, sai ta ɗebi mayaƙa daga wasu ƙabilun Larabawa makiyaya ta ba su makamai, fitattun jagororinsu su ne Musa Hilal da Ali Kushayb. A lura, ba duk Larabawan Darfur suka shiga ba, kuma da mai kisan da wanda ake kashewa duk Musulmi ne.

Halin da jama'a suka shiga

Yadda ake kai harin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Da asuba jirgin Antonov zai zo ya saki bama-bamai, can sai ga Janjawid a kan dawakai da raƙuma da motoci, a kashe maza, a yi wa mata fyaɗe, a ƙona bukkoki da rumbuna, a kore dabbobi, wani wurin har a lalata rijiyoyi don kar masu garin su dawo. Ƙabilun Fur da Masalit da Zaghawa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Waɗanda suka tsira suka taru a sansanoni irin su Kalma kusa da Nyala, da Abu Shouk da Zamzam kusa da El Fasher, fiye da dubu 200 kuma suka tsallaka gabashin Chadi.

A sansanin ma ba a huta ba. Hatsin da ake rabawa ɗanye ne, dole sai an dafa, itace kuma sai an fita daji, ga mayaƙa suna kewaye. Iyalai suka riƙa tura mata neman itacen, don namiji in an kama shi kashe shi za a yi, mace kuwa fyaɗe za a yi mata a sake ta. Wannan zaɓin da aka tilasta wa iyaye yi kullum safiya ya isa ya nuna irin zaman da ake yi a wurin.

An farka a makare

Kusan shekara guda ana wannan ta'asa duniya ta yi gum. Babban dalili shi ne a lokacin Amurka da Birtaniya da Norwe suna tsaka da sasanta Khartoum da 'yan tawayen kudu a Naivasha ta Kenya, suna tsoron in suka matsa kan Darfur sulhun zai wargaje (an sa hannu a kansa a Janairun 2005). Sai a Maris 2004 jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya a Sudan, Mukesh Kapila, ya fito ya kwatanta abin da kisan Ruwanda, daidai ana shirin cika shekara 10 da shi, nan fa hankali ya fara juyowa.

Ranar 8 ga Afrilu 2004 aka sa hannu kan tsagaita wuta a N'Djamena, ba wanda ya mutunta. A ƙarshen Yuli Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1556, ya ba Sudan kwana 30 ta ƙwance wa Janjawid damara, kwana 30 suka wuce ba abin da ya faru. Ranar 9 ga Satumba sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya ce kisan ƙare dangi ne, amma a wannan jawabin dai ya ce furucin bai wajabta wa Amurka wani sabon mataki ba. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da masanin shari'a Antonio Cassese ya jagoranta ya kawo rahoto a Janairun 2005, ya ce an aikata laifukan yaƙi da na cin zarafin bil'adama amma bai ga hujjar gwamnati na da manufar ƙare dangi ba, ya miƙa sunayen mutum 51 a rufe. An ɓata lokaci mai tsawo ana jayayya kan wane suna ya dace da kisan, ƙauyuka kuwa na ci da wuta. Ita Chaina, mai manyan hannayen jari a man fetur ɗin Sudan, da Rasha mai sayar mata da makamai, kullum sai sun rage wa ƙuduri kaifi kafin ya wuce.

Ta ɓangaren agaji kam an yi aiki, gaskiya ce a faɗa. Darfur ta zama wurin aikin jinƙai mafi girma a duniya a lokacin, ma'aikata sama da dubu 10, mafi yawansu 'yan Sudan ne, kuma mace-mace a sansanoni sun ragu sosai daga 2005. Amma gwamnati na wasa da biza da takardar izinin tafiya, 'yan fashi da 'yan tawaye na ƙwace motoci, ga kuɗi ba sa isa, har a Mayun 2006 hukumar abinci ta WFP ta raba rabon abincin kowa biyu.

Sojojin Afirka da zaman Abuja

Tarayyar Afirka ce ta fara kai ƙafa. A Agustan 2004 sojojin Ruwanda 150 suka sauka, na Najeriya suka biyo baya, rundunar da ake kira AMIS, daga baya ta kai kimanin dubu 7. Dubu 7 a ƙasa mai girman Faransa, kamar a ba mai gadi ɗaya kasuwar Kurmi ne a ce kar allura ta ɓata. Ba su da isassun motoci masu sulke, kuɗin alawus kan yi watanni bai zo ba tunda daga Turai da Amurka ake jiransa, kuma hurumin da aka ba su ya fi karkata ga sa ido da rubuta rahoto. Duk da haka inda suka samu dama sun riƙa raka mata ɗebo itace, kuma hakan ya yi amfani. A ƙarshen Satumban 2007, cikin watan azumi, 'yan tawaye suka afka wa sansaninsu na Haskanita, sojoji 12 suka rasu, bakwai daga cikinsu 'yan Najeriya ne.

A Abuja kuma, Olusegun Obasanjo, wanda ke shugabantar Tarayyar Afirka a lokacin, ya buɗe tattaunawa tun Agustan 2004, daga baya Salim Ahmed Salim na Tanzaniya ya zama babban mai shiga tsakani. Aka yi ta jan ƙafa kusan shekara biyu, ƙarshe manyan baƙi irin su Robert Zoellick na Amurka da Hilary Benn na Birtaniya suka zo suka matsa lamba, aka sa hannu ranar 5 ga Mayu 2006. Matsalar ita ce Minni Minnawi kaɗai ya sa hannu a cikin 'yan tawaye, Abdul Wahid da JEM suka ƙi. Sulhun da aka yi cikin gaggawa sai ya ƙara tarwatsa 'yan tawayen gida-gida, suka koma faɗa da junansu, a sansanoni ma aka yi ta zanga-zangar ƙin amincewa da shi.

Rundunar haɗin gwiwa

A 2006 Kwamitin Sulhu ya so tura rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya zalla, al-Bashir ya ce atafau, wai sabon mulkin mallaka ne. Sai aka daidaita kan rundunar haɗin gwiwa da Tarayyar Afirka, UNAMID, da ƙuduri na 1769 na 31 ga Yulin 2007, aka amince da sojoji da 'yan sanda kimanin dubu 26, ta karɓi aiki ranar ƙarshe ta shekarar. Kwamandanta na farko Janar Martin Luther Agwai ne na Najeriya, Farfesa Ibrahim Gambari ya shugabance ta daga 2010 zuwa 2012, sai Mohamed Ibn Chambas na Ghana daga baya. Abin takaici, rundunar ta roƙi jirage masu saukar ungulu 24 kawai, ƙasashen da suka fi kowa ɗaga murya kan Darfur ba wadda ta bayar, aka shafe shekaru ana jira. Khartoum kuma ita ke zaɓar ƙasar da za ta kawo soja, ta hana tashin jirgi da dare, ta tsare kaya a Port Sudan.

Kotun duniya

Ranar 31 ga Maris 2005 Kwamitin Sulhu ya miƙa batun Darfur ga kotun ICC da ke Hague, karo na farko ke nan da ya taɓa yin haka. A 2007 kotun ta ba da sammacin kama Ali Kushayb da Ahmad Harun, shi Harun a lokacin ƙaramin ministan harkokin jinƙai ne, wato mai kula da mutanen da ake zarginsa da korowa. Ranar 4 ga Maris 2009 aka fitar da sammacin al-Bashir kansa, shugaba na farko mai ci da kotun ta nema, a 2010 aka ƙara masa tuhumar kisan ƙare dangi. Martaninsa nan take ya kori ƙungiyoyin agaji na waje 13, ciki har da Oxfam da CARE da wasu rassan Likitoci Na-gari Na-kowa, ya rufe uku na cikin gida, 'yan gudun hijira ne suka biya kuɗin fushin. Tarayyar Afirka ta yanke a Sirte a Yulin 2009 cewa mambobinta ba za su kama shi ba, ya je Chadi da Kenya a 2010, ya zo Abuja a 2013, ya je Afirka ta Kudu a 2015, ba wanda ya taɓa shi. Ali Kushayb ne ya miƙa kansa a 2020, kotun ta same shi da laifi a Oktoban 2025, shekara 22 bayan fara kisan.

Abin da ya biyo baya

An sake yin sulhu a Doha a 2011, an yi a Juba a 2020 bayan faɗuwar al-Bashir a Afrilun 2019, UNAMID ta naɗe tabarmarta ranar 31 ga Disamban 2020 alhali sansanonin na nan cike da mutane. Su Janjawid ɗin da aka ce a ƙwace wa makamai cikin kwana 30 tun 2004 kuwa, a 2013 gwamnati ta mayar da wani ɓangarensu runduna ta hukuma mai suna RSF ƙarƙashin Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Ita ce ta juya wa sojan ƙasar baya ranar 15 ga Afrilun 2023, aka sake yi wa Masalit kisan gilla a El Geneina, dubban ɗaruruwa suka sake tsallakawa Chadi. A Agustan 2024 aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam, sannan a Oktoban 2025 El Fasher ta faɗa hannun RSF bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi, kuma a wannan karon babu ko sojan kiyaye zaman lafiya ɗaya a yankin.