Tambayoyi Da Amsoshi: Gina Kundin Masu Jinyar Namun Daji Daga Jadawalin Kwamfuta

A Amurka da Kanada da Ostireliya akwai mutanen da hukuma ta ba lasisin karɓar namun dajin da suka ji rauni, ko 'ya'yan da suka rasa uwa, su yi jinyarsu har su warke, sannan su mayar da su daji. Wanda ya tsinci mujiyar da mota ta buge a bakin titi yana buƙatar lambar wayar ɗaya daga cikinsu nan take. Saboda haka ƙungiyoyi da 'yan sa-kai ke buɗe shafukan intanet masu ɗauke da sunayensu, kuma da yawa daga cikin shafukan nan jadawali ne kawai na Google Sheets ko Excel ke tafiyar da su.

Me ake nufi da shafin da jadawali ke tafiyar da shi?

Ana ajiye bayanan gaba ɗaya a jadawali guda. Kowane mai jinya yana da layinsa, kowane ginshiƙi kuma yana ɗauke da abu ɗaya: suna, gunduma, lambar waya, irin dabbobin da yake karɓa. Shafin intanet ba ya riƙe komai nasa. Yana karanto jadawalin ne ya shirya shi yadda mai ziyara zai iya bincike. Idan aka gyara lambar waya a jadawali, ta gyaru a shafi ba tare da an taɓa shirin kwamfuta ba.

Me ya sa ba za a gina cikakkiyar ma'ajiyar bayanai irin ta manyan kamfanoni ba?

Saboda waɗanda za su riƙe aikin bayan mai ginawa ya tafi 'yan sa-kai ne, ba injiniyoyi ba. Kusan kowa ya san yadda ake cika jadawali. Kundin jiha guda ba ya wuce layuka 'yan ɗaruruwa, alhali Google Sheets na ɗaukar gidaje, wato akwatunan da ake rubutu a ciki, har miliyan 10. Ana iya ajiye shafin kansa kyauta a GitHub Pages, wanda kuma ba ya son rubuta shiri ko kaɗan yana iya amfani da manhajojin da ke gina shafi daga jadawali, irin su Airtable ko Glide ko Softr. Girma ba shi ne matsala ba.

Wane ne ke ba da lasisin, kuma me ya haɗa shi da tsarin jadawali?

Nan ne masu ginawa da dama ke tuntuɓe, domin suna buɗe ginshiƙi guda su rubuta "yana da lasisi: e ko a'a". A Amurka abin ya wuce haka. Kowace jiha ce ke ba da nata lasisin ta hannun hukumar namun dajinta, da sharuɗɗan da suka sha bamban daga jiha zuwa jiha. Wanda zai yi jinyar tsuntsaye masu ƙaura kuwa sai ya ƙara da izinin tarayya daga Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka, bisa dokar kare waɗannan tsuntsaye ta 1918. Wannan doka ta shafi mafi yawan tsuntsayen asalin ƙasar, har da shaho da mujiya da agwagwar ruwa. Kafin a ba mutum izinin sai ya cika shekara 18, ya kuma nuna cewa ya yi aƙalla awa 100 yana aikin da hannunsa a cikin abin da bai gaza shekara guda ba. Izinin ba ya wuce shekara 5 sai an sabunta.

Dabbobin teku masu shayarwa suna ƙarƙashin wata doka dabam ta 1972, kuma yawancinsu NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, ce ke lura da su. Sai kuma dabbobin da ke yaɗa ciwon haukan kare, irin su jemage da yanyawa da wata ƙaramar dabbar Amurka da ake kira rakun. Jihohi da dama na neman izini na musamman da rigakafi kafin mutum ya taɓa su, wasu kuma sun hana jinyar wasunsu gaba ɗaya. Haka barewa: saboda wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwarta, akwai jihohin da suka taƙaita jinyarta ko ɗaukar ɗanta daga wata gunduma zuwa wata.

Ma'anar wannan ga jadawali ita ce mutum ɗaya na iya riƙe izini biyu ko uku, kowanne da ranar ƙarewarsa. Matar da ke da lasisin jiha na jinyar zomo da kurege ba ta da hurumin karɓar shaho. In kundin ya tura mata mai shaho, an ɓata lokacin tsuntsun, an kuma jefa ta cikin halin ko ta ƙi ko ta karya doka. Don haka kowane izini yana bukatar ginshiƙinsa, da ranar da zai ƙare a gefensa.

A Ingila ma lamarin ya juye: babu lasisi na gama-gari da ake nema kafin a yi jinyar yawancin namun daji, sai dai dokar 1981 ta wajabta yi wa wasu tsuntsaye rajista, kuma haramun ne a saki kurege mai ruwan toka bayan jinya domin baƙo ne mai cutar da na gida. Wanda ya kwafi tsarin jadawalin Amurka ya kai can, zai tarar rabin ginshiƙansa ba su da amfani.

To waɗanne ginshiƙai ne ba a iya yi sai da su?

Sunan da za a nuna wa jama'a, jiha da gunduma, lambar waya, lokutan amsa kira, izini da ranakun ƙarewarsu, da ranar da aka tabbatar da bayanin a karo na ƙarshe. Sai ginshiƙin da ni nake ganin ya fi kowanne amfani, wato "yana karɓa yanzu ko ya cika". Daga bazara zuwa tsakiyar rani ne 'ya'yan dabbobi ke kwararowa, kuma mai jinyar da ke aiki daga gidansa kejinsa na iya cika cikin 'yan kwanaki.

Batun nau'in dabbobi yana son kulawa. Kada a bar gida ɗaya a ce kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Wani zai rubuta "tsuntsaye", wani "tsuntsu", wani "shaho da mujiya kawai", na'urar bincike kuwa ba ta san duk magana ɗaya ake yi ba. A ware ginshiƙi ga kowane rukuni: tsuntsaye masu farauta, ƙananan tsuntsaye, tsuntsayen ruwa, ƙananan dabbobi masu shayarwa, masu haɗarin ciwon haukan kare, masu jan ciki irin su kunkuru da maciji. A kowane gida a saka jerin zaɓi na "e" ko "a'a", yadda ba mai iya rubuta wani abu dabam. Kowane layi kuma ya samu lambarsa da ba ta canzawa, domin suna na iya canzawa.

Ta yaya bayanan ke tashi daga jadawali su isa shafi?

Hanya mafi sauƙi ita ce a wallafa jadawalin a sigar CSV, wato rubutu tsagwaro da waƙafi ke raba gidajensa, sai ɗan shirin JavaScript ya karanto shi duk lokacin da aka buɗe shafin. Ana yawan amfani da wani shiri mai suna Papa Parse wajen wannan karatu, domin ya san yadda zai yi da adireshin da ke da waƙafi a cikinsa. Gyaran da aka yi kan ɗauki 'yan mintoci kafin ya bayyana.

Hanya ta biyu ita ce a riƙa kwaso jadawalin sau ɗaya ko biyu a rana, a gina shafuka tsayayyu daga gare shi. Ta fi ɗan wahalar kafawa, amma ita na fi so. A 2021 Google ya rufe wata tsohuwar hanyar da shafuka ke bi su karanta jadawalinsa, shafuka masu yawa da suka dogara da shirin Tabletop.js mai bin wannan hanya suka wayi gari ba sa nuna komai. Shafin da ke riƙe da kwafin jiya ba ya mutuwa irin wannan mutuwa. In haɗin ya yanke, zai ci gaba da nuna jerin da yake da shi har a gyara.

Ya halatta a wallafa adireshin gidajen mutane?

Yawancin masu jinyar nan ba su da asibiti. A gareji ko bayan gida suke aiki, ba albashi, sau da yawa ma da kuɗin aljihunsu suke sayen abinci da magani. In aka bayyana adireshin, sai mutum ya tashi da safe ya tarar da kwali a ƙofarsa, dabbar da ke ciki ta kwana cikin sanyi, ba wanda ya kira. A nuna gunduma ko gari da lambar waya, shi mai jinyar ya ba da kwatance da bakinsa in ya amince zai karɓa. Cibiyoyin da ke da ƙofar jama'a da lokutan aiki su ne za a saka wa cikakken adireshi.

Akwai tarko a nan. Ɓoye ginshiƙi a jadawali ba kariya ba ne, haka ma hana shafi nuna shi. Duk wanda ya san inda zai leƙa zai iya sauke fayil ɗin da shafin ke karantowa, ya ga komai. Maganin shi ne jadawali biyu: na cikin gida mai ɗauke da adireshi da lambar lasisi da bayanan sirri, da na jama'a wanda ke janyo ginshiƙan da aka yarda da su kawai ta hanyar ƙa'idojin Google Sheets masu suna IMPORTRANGE da QUERY. Na biyun kaɗai ake wallafawa. Kuma a nemi yardar kowa kafin a saka sunansa, ko da hukumar jiha ta riga ta fitar da shi. A Tarayyar Turai dokar GDPR da ta fara aiki a 2018 ta sa sakaci da bayanan mutane ya zama abin tuhuma.

Taswira dole ce?

Ba dole ba ce, amma tana taimakawa. Shirin nuna taswira Leaflet da taswirar OpenStreetMap sun isa, kuma kyauta ne. A samo lambobin da ke nuna wuri a taswira na kowane layi sau ɗaya a ajiye su a jadawali, domin Nominatim mai juya adireshi zuwa lambobi ba ya yarda a wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa. Ga masu aiki daga gida, a dasa alamar a tsakiyar garinsu. Sai dai a tuna wanda ya fi kusa ba lallai ya zama wanda ya dace ba: mai jinyar da ke nisan mil 5 amma a tsallaken iyakar jiha sau da yawa ba a yarda a kai masa dabba ba. A fara tacewa da jiha da nau'in dabba, nisa ya biyo baya.

Waɗanne ƙananan kurakurai ne ke lalata kundi a ɓoye?

Lambobin gidan waya na jihohi irin su Massachusetts da New Jersey da sifili suke farawa, Excel kuwa yakan share sifilin farko in ya ɗauki gidan a matsayin lissafi, sai 02134 ta koma 2134. A mayar da ginshiƙin na rubutu tun kafin a cika shi. Sunayen gundumomi ma na maimaituwa. Amurka na da gundumomi sama da 3,000, kuma sunan Washington kaɗai yana kan kusan 30 daga cikinsu, don haka ba a dogara da suna sai an haɗa da jiha ko lambar FIPS mai alƙaluma 5 da gwamnati ta ba kowace gunduma. Suna irin Doña Ana na jihar New Mexico kan dagule in ba a ajiye fayil a tsarin UTF-8 mai riƙe haruffa na musamman ba. Mafi muni shi ne ɗan sa-kai ya jera ginshiƙi ɗaya bisa haruffa ya bar sauran, lambobin waya su koma gaban sunayen da ba nasu ba. A kulle layin kanun ginshiƙai, a taƙaita masu ikon gyara, a kuma san inda tarihin gyare-gyare yake domin a iya komawa baya.

Yaya ake hana kundin tsufa?

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma ba ya ƙarewa. Gina shafin na iya ɗaukar mako guda. Mutane kuwa suna ƙaura, suna gajiya su bari, suna canza waya, lasisinsu na ƙarewa. Wanda ya kira lamba uku a jere ba a ɗauka ba yakan haƙura ya ce bari ya yi jinyar da kansa, ya ba ɗan kurege madarar shanu ko ya ɗura wa tsuntsu ruwa a baki, duka biyun kuwa na iya kashewa.

Wani ɓangare jadawalin zai iya yi da kansa. Ana saka ƙa'idar da ke cire layi daga jerin jama'a da zarar ranar lasisi ta wuce, da wata da ke rina layi ja in an daɗe ba a tabbatar da shi ba. Ana iya ba kowane mai jinya fom na Google Forms da zai sanar cewa ya cika ko ya samu wuri, amma amsar ta fara sauka a wani shafi dabam, mutum ya duba kafin ta shiga jerin jama'a. In ba haka ba, kowa na iya saka sunansa ya ce yana da lasisi, har da mai neman namun daji don ya sayar.

Sauran aikin na ɗan Adam ne. Dole a samu wani takamaimai da aka ɗora wa alhakin kwatanta kundin da jerin hukumar jiha, ya kuma kira lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin bazara ta shigo. A kuma tanadi wurin sanarwar gaggawa a saman shafi. Lokacin da murar tsuntsaye ta H5N1 ta bazu a Amurka daga 2022, wasu cibiyoyi sun dakatar da karɓar tsuntsayen ruwa, kuma irin wannan canji ba ya jiran zagayen gyara na shekara.

Me ya kamata mai neman taimako ya fara gani?

A ɗauka yana tsaye a bakin hanya da waya a hannu ɗaya, intanet kuma ba ƙarfi. Tambaya biyu sun ishe shi: ina kake, wace dabba ce? Sai lambobin da zai danna su kira kai tsaye, kowace da ranar da aka tabbatar da ita.

Kafin lambobin, a saka 'yan layuka kan ko dabbar na bukatar ceto ma. Barewa kan bar ɗanta kwance cikin ciyawa sa'o'i da yawa ta dawo, ɗan tsuntsun da ya yi gashi yana tsalle a ƙasa kuwa yawanci iyayensa na kusa suna ciyar da shi. In da rauni a fili, a saka dabbar a kwali mai hujin iska, wuri mai duhu da shiru, ba abinci ba ruwa, kuma kada a taɓa jemage da hannu. Dokar tarayyar Amurka ta yarda kowa ya ɗauki tsuntsun da ya ji rauni domin ya kai shi kai tsaye wurin mai izini, amma ba ta yarda ya riƙe shi a gida ba. Idan bincike bai fito da kowa a gundumar ba, shafin ya nuna na gundumomin maƙwabta a cikin jihar, da lambar hukumar namun daji, da mahaɗi zuwa Animal Help Now mai kundin ƙasa baki ɗaya.