Ba dusar ƙanƙara ce ke sa zomon Kanada ya yi fari ba

Akwai wani zomo a dazukan Kanada da Alaska mai manya-manyan ƙafafun baya, da bazara jikinsa ruwan ƙasa ne, da hunturu kuma sai ya koma fari fat. Tun da daɗewa mutane ke cewa wai saukar dusar ƙanƙara ce ke canza masa launi, kai har wasu mafarautan can haka suka ɗauka. To ba haka ba ne.

Tsawon yini ne ke aikin. Idan kaka ta shigo rana ta fara saurin faɗuwa, hasken da idonsa ke samu ya ragu, sai jikinsa ya fara zubar da tsohon gashi farin na fitowa, kuma ba dare ɗaya ba, abin kan ɗauki kamar sati 10. Ko ƙanƙara ta zubo ko ba ta zubo ba shi dai sai ya canza.

Shi ya sa shekarar da dusar ta makara za ka ganshi fari tas a kan baƙar ƙasa, ya lafe abinsa wai shi ya ɓuya, alhali daga nesa mujiya da kyanwar daji da maharbi duk suna hangensa. Masu bincike a jihar Montana ta Amurka sun gano irin waɗannan sun fi saurin mutuwa, abin tausayi wallahi.

Sawunsa ma yana ruɗa sabon shiga, manyan sawun da ke gaba ai na ƙafafun baya ne, in ya yi tsalle su ke wuce na gaba su sauka.