Jijjigar mai ciki ba iska ba ce, a daina turara ta a gida

Bakinmu ya gaji da wannan magana, amma tunda har yau ana kawo mata masu ciki asibiti a sume, harshe a tattaune, zanensu na warin hayaƙin magani, dole a sake faɗa. Mai ciki ta faɗi tana jijjiga tun asuba, ba a iso da ita asibiti ba sai bayan La'asar. A tambayi abin da ya tsayar da su, amsar ɗaya ce: wai iska ce ta taɓa ta, aka tsaya turare da rubutu, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Iyayenmu mata, surukai, ungozomomi, don girman Allah ku saurara. Abin da kuke kira borin haihuwa ko taune-taune, hawan jini ne da ciki ya kawo. Yakan taso bayan ciki ya wuce mako 20, kuma ya fi kama 'yar fari, musamman ƙaramar yarinya, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda ta taɓa yin sa. In awon jini ya kai 140/90, aka kuma ga alamarsa a fitsari, ciwon ya shigo. In ya kai 160/110, ba maganar komawa gida.

Galibi ba ya zuwa babu sallama. Ciwon kai mai tsanani wanda farasitamol ba ya taɓawa, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Sai ka ji kakar yarinya na cewa zaƙi ne, a jiƙa mata saiwa. Haba Hajiya! Jikarki jininta ke hawa, ke kina jiƙa saiwa?

Abin takaicin, maganin na nan, har da hannun 'yan gida a bincikensa. A 2002 wani babban gwaji mai suna Magpie, da aka yi kan mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar magnesium sulphate tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Tsarin da aka saba shi ne giram 14 a tashin farko: 4 ta jijiya a hankali, 10 a ɗuwawu, 5 kowane ɓangare. Daga nan giram 5 duk bayan awa 4 har awa 24, ana duba numfashi da yawan fitsari da zaburar gwiwa in an ɗan buga ta, domin in ya yi yawa a jiki yana danne numfashi. Wannan sa ido shi ne ke gagarar ƙananan asibitoci masu ƙarancin ma'aikata. A 2009 Farfesa Bissallah Ekele da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon aikin da suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda suka nuna cewa allurar farkon nan kaɗai ta tsayar da jijjigar sama da tara cikin goma na matan da suka gwada. Da sunan Sakkwato aka san tsarin a mujallun likitoci. Amfaninsa gare mu a fili yake: ƙaramin asibiti zai iya yin allurar farko, sannan ya tura mace gaba.

To, likitocin wasu ƙasashe suna karanta abin da aka gano a Sakkwato, mu kuma a Sakkwaton muna kulle yarinya a ɗaki da kaskon garwashi. Ba wanda ya hana addu'a. A yi ta a cikin mota, ana tafiya. Kowane tashin jijjiga na iya fasa jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ya taɓa ƙoda, ko ya ɓamɓare mabiyiya daga mahaifa jariri ya mutu a ciki. Hayaƙin kuma ƙara shaƙe ta yake yi, ga shi dama numfashin da ƙyar.

In ta faɗi:
a kwantar da ita ta gefen hagu, nesa da wuta;
kada a cusa cokali ko yatsa a bakinta, kada a danne ta;
kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, huhu zai tafi;
a nemi mota ko keke nan take, da katin awonta.

Maigida, tun ciki na ƙarami ka bar izini da kuɗin mota a hannun wani babba a gida. Ke kuma 'yar'uwa, ki fara awo kafin ciki ya cika wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je aƙalla sau 8, kuma duk zuwa ki tabbatar an ɗaura miki abin awon jini a hannu, an rubuta a kati.

Saura masu jego. Sauka lafiya ba ta rufe maganar ba, jijjiga na iya tasowa kwanaki bayan haihuwa. Wadda jininta ya hau ta bar kunun kanwa, don kanwa ƙara hawan take yi, kuma a sake auna ta tun kafin ranar suna. Mai jego ta ce kanta na sarawa, idonta na yin duhu, a ajiye garwashin a kawo ta.