Bayanan taswira da tsaron matsallakar layin dogo

Matsallaka ita ce wurin da hanyar mota, ko turbar amalanke, ko burtali ya gitta layin dogo a daɓe ɗaya, ba gada a sama, ba rami a ƙasa. Bayanan taswira kuwa su ne duk abin da aka auna aka ɗaura masa lambobin wurinsa a doron ƙasa, don a jera matsallakai a kwamfuta a ga wadda ta fi haɗari.

Asali

Amurka ta soma ba kowace matsallaka lambarta a shekarun 1970. A Faransa an daɗe ana ninka yawan jiragen yini da yawan motocin yini, adadin da ya fito shi ke nuna ko allon gargaɗi ya isa ko sai an sa shinge. A Nijar, layin Yamai zuwa Dosso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da wajen 2016 bai kai ga jigilar yau da kullum ba. An yi taƙaddama kan kwangilarsa. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita kusan 284 da tazarar milimita 1,435 tsakanin ƙarafan dogonsa biyu, an ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, an ba kamfanin Mota-Engil. An tsara ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Abin da ake aunawa

Ana ɗaukar tsakiyar matsallaka da GPS, a rubuta kusurwar da hanya ta gitta layi, gangaren hanya, da nisanta daga makaranta, rijiya ko kasuwa. GPS na wayar hannu kan kuskure da mita 3 zuwa 5, don haka ya isa ƙidaya, amma aikin gini sai na'urar masu safiyo.

Mafi nauyi shi ne nisan gani. Jirgi mai gudun kilomita 100 a awa yana cin mita kusan 28 a daƙiƙa. Amalanken shanu mai lodi, in zai ɗauki daƙiƙa 20 kafin ya fita daga layi, dole mai korarsa ya hangi jirgi tun daga mita 560 ta kowane ɓangare. Garke ya fi haka daɗewa. A ƙasar Maraɗi awon da aka yi da rani ba ya aiki da damina, domin gero kan zarce mita biyu ya tare gani, hazon hunturu ma yana rage shi. Shi ya sa ya kamata a auna wuri da rani da damina, a ɗauki mafi muni.

Burtali ma yana buƙatar a zana shi daban a taswira. Makiyaya da hukumomin filaye na karkara sun san inda yake bi, kuma in an toshe shi, dabbobi za su buɗe matsallakar da ba ta cikin rajista.

Kurakurai

Hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kowane ɗigonsa faɗin mita 10 ne a ƙasa, don haka ba ya nuna turbar ƙafa. Ƙidayar da ba ta haɗa da ranar kasuwa ba tana rage yawan kabu-kabu da amalanke ƙwarai. Tsofaffin taswirorin Najeriya na bisa ma'aunin Minna ne, wato tsohon tsarin lissafa lambobin wuri na ƙasar, GPS kuma na bisa WGS84, tsarin duniya baki ɗaya. In aka haɗa su ba a daidaita ba, matsallaka kan goce da mita gommai daga inda take.