Waiwaye: Asalin Tallafin Tace Ruwan Sha a Ƙananan Garuruwan Amurka

Sinadaran PFAS, wato wasu sinadaran masana'antu da kan gurɓata ruwan sha, ba su da launi, ba su da wari, tafasa ruwa kuma ba ya kawar da su. Shekara da shekaru ana zuba su a kumfar kashe gobara, da tukwanen da abinci ba ya kamawa, da tufafin da ruwa ba ya ratsawa. Asiri ya fara tonuwa ne a Parkersburg ta jihar West Virginia, inda shanun wani manomi suka riƙa mutuwa kusa da wurin da kamfanin DuPont ke zubar da shara, aka shigar da ƙara a 1999. Zuwa 2012, kwamitin masana ya danganta sinadarin PFOA, ɗaya daga cikin PFAS, da cututtuka shida, ciki har da kansar ƙoda da hawan jini na masu juna biyu.

Ƙananan garuruwa kuwa an bar su a duhu. Gwajin da hukumar kare muhalli ta EPA ta sa aka yi tsakanin 2013 da 2015 ya shafi duk tashar ruwa mai shayar da mutum sama da 10,000, amma 800 kacal aka zaɓa daga dubban ƙanana. A Hoosick Falls ta jihar New York, mai mutum kimanin 3,500, wani ɗan garin ne ya ɗebi ruwa da kansa ya aika gwaji a 2014.

Sai ma'aunin ya riƙa tsananta. A 2016 shawara ce kawai: kada PFOA da ɗan'uwansa PFOS a haɗe su haura nanogiram 70 a lita (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram). A Afrilun 2024 ta zama doka, nanogiram 4 kowanne. Garin da magidanta ɗari biyar ke biyan kuɗin ruwa, ina zai samo kuɗin cika wannan sharaɗi?

Amsar ta zo ne a dokar ababen more rayuwa da Shugaba Biden ya sa wa hannu ranar 15 ga Nuwamba 2021. Ta ware dala biliyan 5, biliyan ɗaya kowace shekara daga 2022 zuwa 2026, domin magance PFAS da makamantansu a ruwan garuruwan da ba su kai mutum 10,000 ba da kuma marasa galihu. Kyauta ce ba bashi ba, ba a neman gari ya kawo nasa kason, kuɗin kuma ta hannun jihohi yake bi.

Galibi abin da ake saya tankuna biyu ne a jere, cike da gawayin tacewa na musamman. Ruwa kan ɗauki kimanin minti goma yana ratsa kowanne. Ana ɗibar samfur a tsakaninsu. Da zarar sinadarin ya fara ɓullowa daga na farko, sai a sauya gawayinsa, na biyu ya dawo gaba. Idan ruwan rijiyar na da sinadarin ƙarfe, dole a fara cire shi, in ba haka ba gawayin ya toshe. Nau'o'in PFAS masu gajeren zubi irin su PFBA kan zille da wuri, su gajarta kwanan gawayin. Ko ɗibar samfur sai da kula: tiyo mai Teflon ko rigar ruwan da ma'aikaci ya saka na iya gurɓata sakamako.

Nan ne gizo ke saƙa. Tallafin na biyan gwaji, zane da gini, amma ba ya ɗaukar nauyin gudanarwa ta yau da kullum. Sauya gawayi, zubar da tsohon, albashin ƙwararren mai kula, duk a wuyan 'yan gari suke, kuma wannan babban giɓi ne. A Mayun 2025 EPA ta ce za ta ɗage wa'adin cika dokar nanogiram 4 daga 2029 zuwa 2031, alhali kason ƙarshe na tallafin na 2026 ne.